Ya Sha Aski

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Ƙara-ɗaya ake ce masa, kuma ba a banza ba, don shekara ashirin da ɗoriya duk mashayar da ya zauna, abin da ke fita bakinsa ke nan in ya dire kofi. Mai gyaran famfo ne, gwani kuwa, irin wanda zai kanga kunne a bango ya gaya maka inda bututu ya tsage. Ya iya tsayar da yoyon gidajen mutane, ruwan cikin kwalba ne ya gagare shi tsayarwa, sai bana.

Yau Asabar kwanansa ɗari da goma sha huɗu rabonsa da giya. Da ya daina, abin da ya fara ba shi mamaki shi ne yadda kalmar ta ƙi rabuwa da shi. Ashe mutum ko bai kai komai baki ba, wuni yake yana sha. Ya sha rana, ya sha wahala, ya fita shan iska, mota ta sha kwana da shi, mai gida ya sha masa toka don ya makara. Har lissafin kwanakin nasa bai tsira ba, daga goma sai sha ɗaya. Ranar da ya gano haka yana kwance a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka na wani gida da sifana a hannu, ya yi ta dariya shi kaɗai har matar gidan ta leƙo ta ga ko lafiya. Tun daga nan ya mai da abin wasa. Duk lokacin da maƙogwaro ya taso masa, sai ya shiga lissafa abubuwan da ya sha a ranar, kafin ya kai na goma ƙishirwar ta ɗan lafa. Wani zai ce shirme ne. To, shirmen ne ya kawo shi inda likita biyu da nasihar dangi kaf suka kasa kai shi.

'Ya ɗaya tal gare shi a duniya, Uwata yake kiran ta. Wata biyu ke nan da ta haifi namiji, kuma bai taɓa ganin yaron ba sai a hoto ɗaya da mijinta ya turo masa a ɓoye. Shekaranjiya ta kira shi a waya, karo na farko cikin shekara guda, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, ranar Asabar ƙarfe huɗu. Kar ka makara. Kuma ka ji ni da kyau: in na ji warinta, ko ɗis, ba zan yi faɗa ba, ba zan yi kuka ba. Rufe ƙofa zan yi, kuma na rufe ke nan. Yaron nan ba zai san wannan warin ba."

Ya san ba barazana ba ce. Tun tana shekara bakwai, bayan rasuwar uwarta, ita ce ke buɗe masa ƙofa in ya dawo. Sai ta ɗaga ɗan hancinta ta ce, "Baba, ka sha?" shi kuma ya ce, "Ban sha ba." In za a lissafa wannan ƙaryar, ta haura dubu.

Saboda haka yau ya ƙi karɓar aiki ko ɗaya. Ya yi wanka sau biyu, ya sa sabuwar farar riga mai kwala, ya tura wata 'yar ƙaramar hular saƙa da ya saya wa jariri cikin aljihu, ya fito tun ƙarfe biyu. Ya ga lokaci na da yawa, sai Shaiɗan, ko son gayu, ya ce masa ya tsaya ya yi aski. Tsohon mai askinsa bango ɗaya suke da mashaya, shi kuwa ya haramta wa ƙafarsa wannan layin, don haka ya shiga wani shago da bai taɓa shiga ba, kusa da inda zai hau bas.

Mai askin dogo ne, mai surutu, daga cikin waɗanda ba sa iya riƙe kilifa sai da taimakon baki. Ya ɗaura masa ƙyalle, ya soma, yana ba shi labarin ƙwallo da tsadar wuta. Komai lafiya har aka zo gyaran fuska da reza. An ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, to a nan bayan kunne ya zo. Mai askin ya juya zai amsa gaisuwar wani a waje, reza ta ɗan tsaga fata.

"Ayya! Yi haƙuri, yallaɓai. Ba komai, yanzu zan kashe shi."

Ya janye ƙyallen, ya jawo robar feshi cike da sifirit. Ya matsa, ta ƙi. Ya girgiza ta, ya sake matsawa da ƙarfi, sai kan robar ya fice gaba ɗaya. Rabin abin da ke ciki ya kwarara a ƙeyar Ƙara-ɗaya, ya bi wuya, ya jiƙa kwala, ya gangara baya har cikin singileti, sanyi ƙalau.

Warin ya buge shi kafin zafin ciwon. Wari ne da jikinsa ya sani fiye da muryar uwarsa. Yawu ya tsinke masa a baki, maƙogwaronsa ya buɗe da kansa kamar an kira sunansa. Ya damƙi hannun kujera da hannu bibbiyu.

"Kai! Me ka zuba min?"

"Sifirit ne kawai, yallaɓai, mai kyau ma. Ai ko ƙwayar cuta ɗaya ba za ta kwana a kanka ba yau." Mai askin ya goge masa wuya da tawul, wanda bai yi komai ba sai ƙara baza abin. Ya juya shi wajen madubi yana washe baki. "Dubi nan. Wallahi ka sha aski."

Ƙara-ɗaya ya dubi agogon bango. Huɗu saura minti ashirin da biyar. Gidan 'yarsa tafiyar minti goma sha biyar ce, nasa gidan kuwa yana can ƙarshen gari, zuwa da dawowa awa ɗaya da rabi. In ya koma canza riga ya makara, makara kuwa ita ce alamar farko da Uwata ta fara koya tun kafin ta iya karanta agogo. Ya biya kuɗin askin ya fito, mai askin na bin sa da "sai ka sake dawowa".

A bakin titi akwai 'yar tireda. Bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi ba, bai kuma san lokacin da bakinsa ya ce a ba shi minti ba. Har ya ɓare ya kai baki, sai ya tsaya cak. Ya tuna ranar da Uwata tana 'yar shekara goma sha biyu ta ce masa, "Baba, a gidanmu minti ya fi giya wari." Ya mayar da shi cikin ledarsa. Ya dubi sauran kayan tiredar ɗaya bayan ɗaya: cingam, kanumfari, 'yan kwalaben turare. Duk tsofaffin abokan aikinsa ne, kuma duk ta san su. Ya hangi famfo a gefen wani gareji, ya yi tunanin tara kai a wanke. Nan ma ya tuna sau nawa ya shigo gida da jiƙaƙƙen kai yana cewa zafi ne ya dame shi. Babu wata dabara a duniya da bai riga ya ƙone ta da hannunsa ba.

Saura gaskiya. Ya gwada ta a zuci yana tsaye yana jiran bas: mai aski ne ya zuba min. Sai ya ji ta yi kama da 'yan uwanta na da. Wani ne ya ture ni a hanya ya zuba min a riga. Maganin tari ne. Gam ɗin bututu ne, haka yake wari. A cikin duk ƙaryar da ya taɓa shirya mata, babu wadda ta kai wannan gaskiyar rashin fasali. Tsoro ya kama shi sosai.

Bas ta zo a cike. Ya samu gefen kujera kusa da wata mata mai ɗauke da kwandon kayan miya. Ba a yi nisa ba ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, ta dube shi daga sabon aski har takalmi.

"Da rana tsaka, bawan Allah? Da furfurarka?"

"Aski na yi, baiwar Allah."

"Uhm. Haka ake ce masa yanzu?"

Mutum biyu a baya suka tuntsire da dariya. Shi ma ya ji dariyar ta taso masa, don in a kan wani abin ya faru da shi ne zai fi kowa dariya. Shekara ashirin yana hawa bas a buge ba wanda ya tanka masa, yau da ya fi limami tsarki aka kama shi. Ya buɗe taga, ya kwance maɓallin wuya yana fifita kwalar da hannu. Ta soma bushewa daga sama, amma singiletin na manne da bayansa, kuma duk iskar da ta shigo warin take ɗebowa ta kai masa hanci. Ya rufe ido ya shiga lissafinsa. Na sha aski. Na sha reza. Na sha sifirit a ƙeya. Na sha zagi. Na sha dariya. Bai kai goma ba aka zo inda zai sauka.

Gidan bene ne mai hawa uku, 'yarsa na hawa na biyu. Ya hau matattakala yana jin bugun zuciyarsa a cikin ciwon bayan kunne. Huɗu saura minti uku ya ƙwanƙwasa.

Ƙofar ta buɗe iya tsawon sarƙa. Ya ga rabin fuskarta, ta rame, idonta irin na wadda ba ta samun barci. Daga ciki yana jin 'yar muryar jariri. Ta dubi askin, ta dubi farar rigar, fuskarta har ta fara saki. Ta kai hannu za ta zare sarƙar. Sai ya ga hancinta ya ɗaga, daidai yadda yake ɗagawa tun tana shekara bakwai.

Hannunta ya tsaya a kan sarƙar.

"Baba," ta ce a hankali, "ka sha?"

Abin da ya kamata ya ce a bayyane yake. Amma "ban sha ba" ta maƙale masa a wuya, don ya san yadda take sauka a kunnenta. Kuma wata huɗu ke nan duk sanda tsoro ya matse shi wasan nan ne ke fid da shi. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na sha, Uwata," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Na sha aski."

Bai taɓa yin wauta irin wannan ba, har a zamanin da yake da hujjar yin wauta. Ya manta cewa a da, in ya dawo a buge, da barkwanci yake shigowa, ya yi ta zuba har sai ta yi dariyar dole ta bar tambaya. Abin da ya zama masa magani, ita a wurinta alamar ciwon ce. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta tura ƙofar, ya ji makulli ya juya.

Ya tsaya yana kallon fentin ƙofar. Can ya matsa ya kai baki kusa da katakon, ya yi magana ba tare da wasa ba.

"Uwata, ba zan ce ki yarda da ni ba, ban bar wa kaina wannan bakin ba. Mai aski ne ya zuba min sifirit a wuya. Na san yadda maganar take a kunne. Amma ke kin fi kowa sanin abin nan. Wanda ke kan riga bushewa yake ya tafi. Wanda ke ciki kuwa ba ya tafiya, ta numfashi yake fita, ta gumi, har wayewar gari. Zan zauna a nan kan matattakala awa ɗaya, ba inda za ni. Ki fito ki shinshina. In kin ji, ni da kaina zan tafi."

Ya sauka taki uku ya zauna.

Matattakalar na da taga ɗaya doguwa, rana na shigowa ta nan kai tsaye ta sauka a kan sabon askinsa. Bai matsa ba, yana so ta gasa rigar. Da ya leƙa ƙasa kuwa, sai ga mashaya tsallaken titi, ƙofa mai labulen roba, kujeru uku a waje, wani mutum na zaune da kwalba mai raɓa a gabansa. Tsautsayi dai in ya tashi ba ya zuwa shi kaɗai. Ya kawar da kai, amma ido ya riga ya kai wa maƙogwaro labari.

Muryar da ya sani ta fara masa magana a zuci, cikin ladabi kamar kullum. An riga an yanke maka hukunci. Warin ka riga ka yi shi, zagin ka sha shi, ƙofar an rufe. Wa zai ce ka ci riba in ka zauna a nan? Taki ashirin ne, kofi ɗaya kawai. Ya danne hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Ya gwada lissafin abin da ya sha, ya ji wasan ya mutu a bakinsa, ba daɗi ko kaɗan.

A nan ne kunnensa ya kama wani sauti. Ɗis. Can kuma, ɗis. A kusurwa, inda bututun ruwa ya hau zuwa hawa na uku, wata mahaɗa na yoyo cikin gwangwanin da wani ya ajiye. Aikin banza ne, an ɗaure ta ba tef. Ya ji haushin wanda ya yi aikin, kuma haushin ya taimake shi. Ya laluba aljihu, ya ci karo da hular jariri, a ƙarƙashinta kuma ga ɗan naɗin farin tef, don mai gyaran famfo ko ɗaurin aure zai je sai an samu tef a jikinsa. Ba sifana, ba damar kashe ruwan. Ya durƙusa ya yi ta naɗa tef ɗin ta waje yana matsewa da babban yatsa, aikin da in yaronsa ne ya yi zai kore shi. Yoyon ya ragu, bai tsaya ba. Ya koma ya zauna yana jiran kowane ɗigo, in ya faɗo ya ce a ransa, ƙara ɗaya. Da haka ya ci minti arba'in, ɗigo bayan ɗigo, bai sake duban taga ba.

Bai cika awa ba ya ji makulli. Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Ta fito ba jariri a hannu, ta jawo ƙofar a bayanta, ta tsaya a saman matattakala. Idonta ya yi ja, ashe ta karya rabin alkawarinta a ciki.

"Matso," ta ce.

Ya hau taki biyu.

"Hura."

Ya buɗe baki ya hura mata iska a fuska, shi da furfurarsa, kamar yaron da aka kama da satar sukari. Ta rufe ido ta shaƙa. Ta ce ya sake, ya sake. Ta kama hannunsa ta juya, ta shinshina bayan hannun inda gumi ya tsattsafo. Sannan ta ce ya sunkuya. Ya sunkuyar da kai, ya ji hancinta a kan kwalar, ya ji yatsanta ya taɓa gefen yankan da ke bayan kunne. Yana sunkuye a haka abin ya soke shi: babu likitan da ya koya mata wannan binciken, babu makarantar da ta koya mata. Shi ya koya mata, tun tana tsayuwa a kan kujera kafin ta kai sakatar ƙofa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa bari ta same shi da idonsa biyu ba.

Ta janye yatsanta. Daga ciki jaririn ya fara ƙananan kuka.

"Wane irin mai aski ne wannan?" ta ce. "Yanka ka ya yi niyya?"

"Dogo ne. Mai surutu."

"Kwana nawa yanzu?"

"Ɗari da goma..." Ya tsaya. Ya ji kalmar na zuwa, ya ji tsoronta. "Da huɗu a kai," ya ce.

Gefen bakinta ya motsa, ta danne. Ta dubi ƙeyarsa da rana ta gasa, ta dubi farin tef ɗin da ya cukurkuɗe a jikin bututu, ta dubi tagar da abin da ke tsallaken titi. Ta daɗe a kan tagar. Sannan ta tura ƙofar da bayanta, ta buɗe ta gaba ɗaya.

"Ka sha rana, Baba," ta ce. "Shigo ka sha ruwa."

Ta sa ya cire rigar da singiletin a banɗaki, ta ba shi wata tsohuwar rigar mijinta da ta yi masa yawa, ta tsaya a kansa har ya wanke hannu da sabulu sau biyu. Ta zaunar da shi a tsakiyar doguwar kujera, ta tura masa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da yaron a naɗe, ta sunkuyo za ta ɗora masa. Ta tsaya.

"Hannunka na rawa."

"Tsoro ne, Uwata."

Ta dube shi. "Da can ba ka jin tsoro," ta ce, ta sa masa yaron a hannu, amma ba ta janye nata daga ƙarƙashin nasa ba.

Jaririn ya yamutsa fuska, ya juya kai, ya tura ɗan hancinsa cikin wuyan kakansa ya ja numfashi. Su biyun suka zuba masa ido. Ya yi hamma, ya koma barci.